Kyanwata ta mutu bayan tiyata: dole ne in biya kuɗin asibitin?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa kyanwarta mai shekara 8 ta daina cin abinci, tana ta shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, cikinta kuma ya kumbura. Da ta kai ta asibitin dabbobi aka ce mahaifarta ce ta cika da mugunya, kuma ba makawa sai an yi tiyata an cire ta. Aka yi aikin, aka kira ta da yamma cewa komai ya tafi daidai, washegari da sassafe kuma aka sake kira cewa kyanwar ta mutu cikin dare. Yanzu asibitin ya miƙo mata lissafin da ya zarce ƙiyasin da aka ba ta tun farko da kusan rabi. Tana tambaya ko dole ne ta biya, kuma idan tana son ƙalubalantar lissafin, ta ina za ta fara.

Amsa: Malama, Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi. Dabbar da ta shekara takwas a hannun mutum yana ciyar da ita, yana lura da lafiyarta, rabuwa da ita ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san ɗacin da ke tattare da a miƙo wa mutum takardar kuɗi a daidai lokacin da bayani yake jira. Zan ba ki amsa ne a matsayina na likitan dabbobi, kuma da yake dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, duk inda maganar ta kai ga kotu sai ki tuntuɓi lauya a inda kike.

Gaskiyar da ya kamata ki fara ji, ko da ba ta da daɗi, ita ce mutuwar kyanwar ita kaɗai ba ta soke kuɗin aikin. Abin da kuka ƙulla da asibitin shi ne za su yi aiki cikin kulawa da ƙwarewar da ake tsammani daga likitan da ya san aikinsa. Ba su yi miki alkawarin warkarwa ba, kuma babu likitan kirki da zai yi irin wannan alkawari. Idan an yi gwajin jini, an yi ƙarin ruwa, an ba da maganin barci, an yi tiyatar yadda ta dace, to an kashe kaya da lokaci da ƙarfi, kuma ana bin ki kuɗinsu ko da sakamakon ya zo yadda ba a so. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Birtaniya ta 2015, alal misali, ta faɗi wannan ƙa'ida ƙarara: wajibi ne mai yi wa mutum aiki ya yi shi da kulawa da ƙwarewa gwargwadon hankali, idan kuwa ya gaza, mai biya yana da haƙƙin neman a rage masa kuɗi. Saboda haka hanyar ƙalubalantar lissafi ba ta wuce uku ba: ko dai a nuna an yi sakaci a aikin, ko an caje ki abin da ba a yi ba, ko an yi abin da ba ki amince da shi ba. Na farkon shi ne mafi nauyi kuma mafi wuyar tabbatarwa, sauran biyun kuwa sau da yawa a kan takarda ake gano su cikin ɗan lokaci.

Sai dai kafin maganar kuɗi akwai abin da ba ya jira, wato gawar. Idan har ba a binne ta ko an ƙone ta ba, ki sanar da asibitin yau ɗin nan, a rubuce, cewa kada su taɓa ta kuma kina son a yi binciken gano musabbabin mutuwar. A ajiye ta cikin firji mai sanyi, kada a sa ta cikin firiza, domin idan nama ya daskare ƙanƙara takan farfasa ƙwayoyin halittarsa, sai masanin da zai duba shi a madubin likita ya kasa bambance abin da cuta ta yi da abin da sanyi ya yi. Ko a firjin ma jiki yakan fara lalacewa daga ciki, don haka ana son a yi binciken cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan an riga an daskarar da ita, kada ki fid da rai, domin manyan abubuwa kamar jini da ya taru a ciki ko ɗinkin da ya kwance har yanzu ana iya ganinsu. Abin da nake jaddadawa shi ne kada asibitin da ya yi tiyatar ya zama shi ne mai binciken. Wannan ba zargi ba ne. Ko da sun faɗi gaskiya tsantsa, zuciyarki ba za ta kwanta da rahotonsu ba, wani ma ba zai ɗauke shi da nauyi ba. Ki nemi sashen binciken cututtuka na wata makarantar koyon likitancin dabbobi, ko ɗakin gwaji mai zaman kansa. Za ki biya kuɗin wannan daga aljihunki, amma shi ne abu guda da zai iya mayar da zato ya zama hujja.

Ga abin da mai binciken zai nema a irin wannan tiyata. Idan za a cire mahaifa da ƙwan haihuwa, ana ɗaure jijiyoyin jini a wurare uku, gefen dama da na hagu da kuma gindin mahaifar. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ƙulle-ƙulle ya zame, jini zai yi ta tsiyaya a ciki shiru, dabbar ta yi sanyi, dasashinta ya yi fari fat, ta mutu cikin 'yan sa'o'i, kuma da an buɗe cikin za a tarar da shi cike da jini. Zai duba ko an haɗa da bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara wajen ɗaurin, ko an manta da auduga a ciki, ko mahaifar ta fashe mugunya ta malala, ko amai ya shiga huhu. Zai kuma duba zuciya, domin kuliyoyi da yawa suna ɗauke da cutar kaurin naman zuciya ba tare da wata alama ba, har sai ranar da maganin barci ko ƙarin ruwa ya tona ta. Kin ga ke nan binciken yana iya goya miki baya, yana kuma iya wanke likitan sarai, kuma ya kamata ki shiga cikinsa da shirin karɓar kowanne.

Abu na biyu shi ne fayil ɗin kyanwar. Ki rubuta ki nemi kwafinsa gaba ɗaya, ba taƙaitaccen bayani ba: abin da likita ya rubuta lokacin da ya fara ganinta, sakamakon gwajin jini, hoton ciki, takardar amincewar da kika sa wa hannu, takardar lura da maganin barci, bayanin tiyatar, takardar jinyar dare, da jerin magungunan da aka ba ta tare da adadinsu da lokutansu. A ƙasashe da dama asalin fayil mallakar asibiti ne, amma mai dabba yana da haƙƙin karɓar kwafi. Ki nema da wuri, cikin lalama, tun kafin ki ambaci cewa kina da ƙorafi a kan kuɗi.

Takardu biyu ne na fi mayar da hankali a kansu idan aka kawo mini irin wannan fayil. Ta farko ita ce ta lura da maganin barci, wadda a asibitin da ke bin ƙa'ida za ki ga an cika ta layi-layi, kusan kowane minti biyar, da bugun zuciya da numfashi da yawan iskar da ke cikin jini, a wasu wuraren har da hawan jini da zafin jiki. Ta biyu ita ce ta jinyar dare, kuma a ganina a nan ne maganarki ta fi ƙarfi. Wa ya duba kyanwar bayan an kira ki da yamma? Da ƙarfe nawa? Me ya gani, me ya rubuta? Idan takardar ta nuna an auna ta da ƙarfe shida na yamma, sannan babu ko ɗigon biro har ƙarfe bakwai na safe da aka tarar da ita a sandare, to akwai tambayar da dole asibitin ya amsa. Ba laifi ba ne asibiti ya kasance ba shi da ma'aikacin kwana, ƙananan asibitoci da yawa haka suke. Laifin shi ne a kwantar da dabba mai tsananin rashin lafiya ba tare da an gaya wa mai ita cewa babu wanda zai kwana da ita ba, balle a ba shi zaɓin mayar da ita inda ake kwana ana jinya. Idan kuma an caje ki kuɗin kulawa ta musamman ta dare alhali babu kowa a wurin, to lissafin ma kansa ya samu matsala.

Akwai alƙaluman da za su taimaka miki ki auna lamarin da adalci. Wani babban bincike da Brodbelt da abokan aikinsa suka gudanar a asibitocin dabbobi 117 na Birtaniya tsakanin 2002 da 2004, aka wallafa shi a 2008, ya bi diddigin karnuka kusan 98,000 da kuliyoyi kusan 79,000 da aka ba maganin barci. An gano cewa a cikin kuliyoyi masu lafiya, kusan 1 cikin 895 ce ke mutuwa ta dalilin da ke da alaƙa da maganin cikin sa'o'i 48, amma a cikin marasa lafiya adadin ya kai kusan 1 cikin 71. Kyanwar da mahaifarta ta cika da mugunya tana cikin rukuni na biyu, domin gubar ƙwayoyin cutar takan shiga jini ta raunana ƙoda tun kafin wuƙa ta taɓa ta, kuma barinta ba tiyata ya fi hatsari nesa ba kusa ba. Wannan ɓangaren yana kare likitan. Amma binciken nan dai ya nuna cewa kusan kashi 61 cikin ɗari na kuliyoyin da suka mutu, bayan an gama aikin suka mutu, mafi yawansu kuma cikin sa'o'i uku na farko. Ma'anar wannan ita ce duk likita ya san hatsarin bai ƙare da ɗinki na ƙarshe ba, don haka tambayarki a kan wanda ya lura da ita bayan tiyata tambaya ce da ke kan hanya, kuma kada kowa ya sa ki ji kamar neman rigima kike yi.

Ya kamata kuma ki san abin da ake kira sakaci a wannan fage, domin ya fi abin da mutane ke zato ƙunci. Ba a tambayar ko wani likitan da ya fi ƙwarewa zai iya ceto dabbar. Abin da ake tambaya shi ne ko abin da aka yi ya faɗi ƙasa da abin da matsakaicin likita mai hankali zai yi a irin wannan hali. Bayan haka sai an nuna cewa wannan gazawar ce ta jawo mutuwar, ba cutar da aka zo da ita ba, kuma a nan ne ƙorafe-ƙorafe da yawa suke rushewa. Akwai kurakuran da ba su da kariya, kamar ba wa kyanwa farasitamol, wanda guba ne a gare ta, ko ninka adadin magani saboda kuskuren awon nauyi, ko ba da maganin ciwo irin su meloxicam ga dabbar da jikinta ya bushe kuma ƙodarta ta riga ta raunana; tun a 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka ƙara gargaɗi mai ƙarfi a kan maimaita wannan magani ga kuliyoyi. Akwai kuma matsalolin da kan faru ko a hannun gwani. Wanda zai bambance miki su shi ne wani likitan dabbobi da ba shi da alaƙa da asibitin, wanda za ki kai masa fayil ɗin da rahoton binciken gawar, ki biya shi kuɗin dubawa, ki roƙe shi ya faɗa miki ra'ayinsa ba sani ba sabo, in zai yiwu a rubuce.

Yanzu sai lissafin. Ki nemi a ba ki shi dalla-dalla, kowane abu da kuɗinsa, sannan ki ajiye shi gefe da gefe da fayil ɗin ki bi su layi bayan layi. Asibitoci da yawa sukan shigar da kuɗin tiyata a dunƙule tun kafin a yi ta, kuma a cikin dunƙulen akwai abubuwan da sai dabba ta rayu ake yin su. Za ki iya tarar da kuɗin kwana biyu alhali kwana ɗaya ta yi, ko magungunan da aka shirya za ki tafi da su gida waɗanda ba ki karɓa ba, ko kwalar da ake sa wa dabba a wuya don kada ta lashi ɗinki, ko kuɗin dawowa cire zare. Galibi ba da gangan ake barinsu ba, kuma da zarar an nuna ake cirewa. Idan kin ga kuɗin ƙoƙarin farfaɗo da ita, ki duba ko fayil ya nuna lokacin da aka yi shi da magungunan da aka yi amfani da su. Idan an yi, kuɗin halas ne ko da bai yi nasara ba, idan kuwa a mace aka tarar da ita, babu dalilin cajinsa.

Game da ƙarin da ya hau kan ƙiyasi, ƙiyasi dai ba farashi ne yankakke ba, kuma likitan da ya buɗe ciki ya tarar da abin da bai zata ba ba zai bar dabba a kan tebur ya tafi neman izini ba. Amma ƙarin da ya kai rabin kuɗin yana buƙatar bayani, kuma abin da aka saba shi ne a kira mai dabba a sanar da shi da zarar an samu sarari. Ki sake karanta takardar da kika sa wa hannu: ta ba su izinin yin duk abin da suka ga ya zama dole, ko ta ƙayyade iyaka? An faɗa miki cewa mutuwa na cikin abin da ka iya faruwa, ko dai an miƙo miki biro ne kawai aka nuna miki inda za ki sa hannu? Sa hannun nan yana nuna kin karɓi hatsarin da ke tattare da aikin da aka yi daidai, amma ba ya wanke kowa daga sakaci.

Da waɗannan a hannunki sai ki rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa gajera. Ki jera abin da ya faru da ranaku da lokuta, ki kawo tambayoyinki ɗaya bayan ɗaya, ki faɗi abin da kike nema a fili, ko cire wasu kuɗaɗe ne, ko ragi, ko bayani, sannan ki ba su wa'adi, kamar mako biyu, ki kuma roƙi a dakatar da bin bashin har a kammala. Ki guji kalmomi irin su kisa da ganganci, domin da zarar sun bayyana a takarda sai asibitin ya miƙa maganar ga kamfanin inshorarsa, daga nan kuma bakin kowa ya rufe. Idan sun gayyace ki zama, ki je da wani wanda zai riƙa rubuta abin da aka faɗa, domin mai baƙin ciki ba ya riƙe rabin abin da ya ji. Kada kuma ki ɗauki ban haƙurin likita a matsayin amsa laifi, ko taka-tsantsan ɗinsa a matsayin ɓoye-ɓoye. Mafi yawanmu mutuwar dabba a hannunmu takan hana mu barci, kuma masu inshora sukan gargaɗe mu a kan abin da za mu furta.

Shawarata a kan biya ita ce kada ki ƙeƙashe ƙasa ki ce ba za ki ba da ko sisi ba. Ƙin biya gaba ɗaya yana mayar da ke mai bashi, ya ba asibitin damar tura ki ga masu karɓar bashi ko kai ki ƙara, sai ki koma kare kanki maimakon neman amsa. Ki biya ɓangaren da ba ki da ja a kansa, kamar ganin likita da gwaje-gwaje, ki rubuta cewa sauran kina ƙalubalantarsa saboda dalilai kaza. Idan ya zama dole ki biya duka, misali don a sakar miki gawar a kan lokaci, ki biya amma ki rubuta a jikin rasit da kuma cikin saƙo cewa kin biya ne ba tare da kin janye ƙorafinki ba. Haka nan ki kai zuciya nesa game da shafukan sada zumunta: faɗin abin da ya faru haƙƙinki ne, amma kiran sunan likita da cewa ya kashe miki dabba kafin ki samu hujja na iya jawo miki ƙarar ɓata suna.

Idan asibitin bai gamsar da ke ba, akwai hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista: RCVS a Birtaniya, hukumar kowace jiha a Amurka, Majalisar Likitocin Dabbobi a Najeriya. Sai dai aikin irin waɗannan hukumomi ladabtarwa ne, tun daga gargaɗi har zuwa ƙwace lasisi, kuma galibi ba sa umartar a mayar wa mutum kuɗinsa. Maganar kuɗi ta sasanci ce ko ta kotu. A Birtaniya akwai VCMS, mai shiga tsakanin mai dabba da asibiti kyauta. Inda babu irinta, hukumar kare haƙƙin masu saye ko kotun ƙananan ƙararraki ita ce hanya, kuma kowace ƙasa tana da wa'adin da in ya wuce ba a karɓar ƙara.

Kafin ki nufi kotu, ki san abin da za ki iya samu. A mafi yawan dokoki dabbar gida dukiya ce, don haka diyyar ba ta cika wuce darajarta a kasuwa da kuɗin maganin da aka ɓarnatar ba. Kotun ƙolin jihar Texas ta yanke a 2013, a shari'ar Strickland da Medlen, cewa ba a biyan diyyar ɓacin rai saboda mutuwar kare. Jihar Tennessee tana da dokar da ta ba da damar irin wannan diyya har dala 5,000, amma ta cire ƙarar sakacin likitan dabbobi daga ciki. A ra'ayina wannan matsayi na doka bai yi daidai da yadda mutane ke ɗaukar dabbobinsu ba, amma shi ne abin da ke ƙasa, kuma kuɗin lauya da na ƙwararren da zai ba da shaida kan zarce abin da za a karɓo cikin sauƙi. Shi ya sa sulhu a matakin asibiti ya fi yawan amfani ga mai ƙorafi.

Idan suka yi miki tayin ragi ko yafe kuɗin, ki karanta abin da za su ce ki sa wa hannu da kyau, domin wani lokaci yakan ƙunshi sharaɗin cewa kin janye duk wata ƙara kuma ba za ki sake magana a kai ba. Kada ki amince da shi kafin rahoton binciken gawar ya fito. Idan kuma rahoton da likita na biyu suka nuna an yi aikin daidai, har yanzu kina da damar neman a cire abubuwan da ba a yi ba, a yi miki bayanin ƙarin da aka samu, a kuma raba miki sauran ki biya kaɗan-kaɗan, kuma asibitoci da yawa sukan amince da hakan idan an nema a rubuce.